Rigar Baba Ta Koma Shuɗiya

Zuwa ga Auta mai hoto,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Bayan haka, hoton marigayi Baba da ka shafa wa launi ya jawo magana. Koriyar riga ka yi masa, muka rataye shi daura da taga. Wata uku kacal, rigar ta koma shuɗiya. Mama ta ce mijinta bai taɓa sa shuɗi ba, ta juya shi yana kallon bango. Raina ya ɓaci ƙwarai. Fim ɗin hoton na hannunka, sai ka san abin yi.

Ka huta lafiya,
Yayarka.

Yaya babba,

Ina gaishe ki da ladabi. Ba aljanu ba ne. Kore ai shuɗi ne da rawaya, rawayar da na sa kuwa tana ganin rana ta gudu ta bar shuɗi shi kaɗai. Araha ba ta ado. Na wanke wani, na zuba masa rawaya mai kauri wadda ba ta koɗewa.

Ƙaninki.

Auta,

Bayan gaisuwa, ba ta koɗe ba kam. Amma ta binne aikin wuyan rigar, ta kuma hau fuska. Maƙwabciyarmu ta duba ta ce ashe ciwon shawara ne ya kashe shi. Yanzu Baba yana ƙarƙashin gado. An gudu ba a tsira ba.

Yayarka.

Yaya,

Gaisuwa da ban haƙuri. Na sayo rawaya iri bakwai. Na ja baƙin layi a takarda, na shafa kowace a kai, duk wadda ta ɓoye layin na jefar. Uku suka rage. Na rufe rabin kowace da kwali, na manna su a gilashin shago wata biyu, har ana tambayata ko na koma sayar da fenti. Ɗaya ce ta fito yadda ta shiga. Ga Baba nan tafe, a taya ni da addu'a.

Ƙaninki.

Auta,

Ina gaisuwa. Ya iso. Mama ta sa tabarau ta daɗe tana kallo. Can ta ce, "Rigar kam ita ce. Amma dubi hularsa, shekara arba'in ina cewa ya daidaita ta." Da hannunta ta rataye shi, tun ɗazu take masa faɗa. Ni dai na shiga ɗaki na yi kukana.

Allah ya yi maka albarka,
Yayarka.