Ranar da Kwamfuta Ta Kira Baba

Goggona,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ya ƙafar taki? Ina fata kina shan maganin, ba ajiye shi kike yi a kan firij kina kallo ba.

Wasiƙa na rubuto don in na kira ki, Baba yana jin muryata zai bar falon. Kin san tun da na rubuta a intanet cewa Sanatanmu bai tsinana wa unguwarmu komai ba, ya daina ɗaga wayata. Wai na kunyata shi, shi da hoton mutumin ke rataye a shagonsa na gyaran rediyo.

To ji abin da ya faru. Aikinmu a nan jin ra'ayin jama'a ne. Muna zaune a jere, kowa da abin sauraro a kunne, kwamfuta ce ke zaɓo lamba ta kira, mu ko ganin lambar ba ma yi. Yanzu kan sanatoci muke tambaya saboda zaɓe ya matso. Dokar ita ce ka karanta tambaya yadda aka rubuta, in kuma ka gane ɗan'uwanka ne ya ɗauka, ka ba shi haƙuri ka kashe.

Ranar Talata aka ɗauka, na ji an ce, "Wa ke magana?" Ga wata rediyo tana shuuu a bayansa. Goggo, Baba ne! Wallahi yatsana ya je kan maɓallin kashewa ya ƙi dannawa. Na daure na ce, "Ranka ya daɗe, ka gamsu da aikin Sanatanka, ko ba ka gamsu ba?"

Ya ce, "Rubuta ban gamsu ba. Famfon layinmu ya ƙafe, kwatar bakin shagona ta toshe, shi kuwa sai a allon talla muke ganinsa yana murmushi." Na tambaye shi wa yake so ya tsaya takara. Ya ce ana raɗe-raɗin likitar nan ta asibitin yara za ta fito, in ta fito zai duba. Da muka gama ya ce, "Yarinya, ki sha ruwan ɗumi, muryarki ta dushe." Ya kashe.

Ya gane ni ne, ko haka yake ce wa kowa? Don Allah ki gano mini. Na yi kewarsa, Goggo, ko abinci ba ya mini daɗi.

Taki har kullum,
Auta

Auta sarkin rigima,

Bayan gaisuwa, saƙonki ya iso. Ƙafa da sauƙi, magani kuma ina sha, ke ce likitata?

Ya gane ki mana! Mutumin da ke gane ciwon rediyo daga ƙararta tun mai ita yana bakin titi, shi ne zai kasa gane muryar 'yarsa? Ƙanena ne, na san taurin kansa tun yana rarrafe. Ranar ya dawo gida yana wani ɗaga kafaɗa, wai daga babban ofishi aka kira shi aka nemi ra'ayinsa. Ya ce yarinyar da ta yi tambayar ta iya aiki, ko sau ɗaya ba ta sa masa baki ba. Na ce, "Wace yarinya?" Ya ce, "Oho, ni na san ta?" Ya juya yana dariya ƙasa-ƙasa, ya ɗauka ban gani ba.

Hoton nan ma ya sauke shi, wai ƙusar yake so ya rataya agogo. Agogon da ya mutu tun bara!

Yanzu bencin ƙofar shagonsa ya zama majalisa. Tela ya rantse Sanata zai koma, direban bas ya ce jam'iyyarsa ma ba za ta sake tsayar da shi ba, matan layi kuwa duk sun koma bayan likita tun ba ta ce uffan ba. Babanki ya kasa kunne yana jiran a faɗi sakamakonku a rediyo, yana ce wa kowa, "Nawa na ciki."

Amma kada ki kira tukuna. Bakinsa ba zai iya cewa ke ce da gaskiya ba, ki bar shi ya samo hanyarsa.

Allah Ya yi miki albarka.
Goggonki

Goggona,

Ina gaisuwa. Na karanta wasiƙarki ina dariya ina share hawaye, har ta kusa da ni ta tambaya ko lafiya.

Sai dai akwai matsala. Na je na gaya wa shugabarmu cewa mahaifina ne na yi wa tambayoyi. Ta ja mini kunne, ba ta kore ni ba, amma ta soke amsoshinsa gaba ɗaya, haka dokar take. Sakamakon zai fito gobe, farin jinin Sanata ya ragu sosai, amma na Baba ba ya ciki. Ina tsoron in ya ji, fushi zai dawo sabo. Don girman Allah kada ki gaya masa.

Taki,
Auta

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa. Goggonki ba ta taɓa riƙe magana ba, ke ma kin sani.

Na ji an soke ra'ayina. Raina ya ɓaci, amma shugabarku ta yi daidai, ke ma kin yi daidai da kika faɗa mata. Ni na koya miki haka.

Sai dai ban gama magana ba. Tambayoyinku gajeru ne, ba a ma tambaye ni batun fitilun titi ba. Tunda ofishinku ba ya so, ki kira ni da lambarki in faɗa miki sauran. Zan ɗauka.

Kin sha ruwan ɗumin?

Mahaifinki