Gilasan Baffa Lawal da Littattafan Kaka

Gwandu, ranar Asabar.

Zuwa ga yayana Mujtaba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Hassana da yara. Allah ya sauƙaƙa maka karatu, ya dawo mana da ku lafiya. Mu nan alhamdulillahi. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta je suna Dalijan. Gero ya yi kyau a gonar Kambaza, sai dai tsuntsu ya dame mu.

Maganar littattafan Kaka ce ta sa na zauna rubutu. Ka san halin da muka same su: gara ta ci gafaka biyu, ruwan damina ya taɓa ta uku. Kyamarar zamani da ka aiko don a ɗauki hotonsu, marar madubin nan, ta iso, amma gilashin da ke jikinta ba ya kama ƙananan rubutun gefen shafi. Da na matsa kusa sai komai ya dushe. Inna ce ta ce da tsohuwar zuma ake magani, in je Kalgo wurin Baffa Lawal. Na yi nauyin baki, don na san tun da ya zaɓi sana'ar hoto Kaka ya yi fushi da shi, kuma shekara talatin da takwas Baffa bai taka ɗakin littattafan ba, ko ranar rasuwar Kaka a zaure ya tsaya.

Na je. Ya jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ga gilasai biyar naɗe cikin tsohon rawani, tun na zamanin fim. Ya ce ɗaya daga ciki yana iya ƙirga gashin ƙafar ƙuda, amma bakinsa ba zai shiga kyamarar zamani ba. Na yi odar zoben haɗi da ake kira adafta, ya ɗauki mako biyu. Da aka ɗaura, sai ga wata matsala: tsohon gilashi ba ya saita kansa, sai an murɗa da hannu, ni kuwa na ɓata shafi arba'in. Da na faɗa wa Baffa a waya, sai ya ce in share ɗakin, zai zo, amma don gilashinsa zai zo, kada in lalata masa.

Haka muka yi kwana tara. Muna fara aiki da hantsi a bakin taga. Idonsa ya raunana, saboda haka shi yake murɗawa a hankali, ni ina duban allon kyamarar ina cewa ya ƙara ko ya rage. Ba ya taɓa takardun, ni nake juyawa.

Ranar Laraba muna kan wani littafin fiƙihu, na faɗaɗa hoton don in tabbatar ya fito, sai na ga layi biyu na ajami a can ƙasan shafi, ƙanana kamar sahun tururuwa. Hannun Kaka ne. Ya rubuta addu'a, Allah ya tsare ɗansa Lawal, ya sa albarka a abin da hannunsa ke nema. Shekarar da ya sa a ƙasa, shekara biyu ce bayan rabuwarsu. Na miƙa wa Baffa kyamarar. Ya ce in ƙara girma. Ya karanta sau uku, leɓensa na motsi, ya ɗauki buta ya fita. Ya daɗe. Da ya dawo, abin da ya ce kawai shi ne rana na gudu, in juya shafi.

Yaya, tun ranar nake tunanin yadda mutum zai iya faɗa wa takarda abin da ya kasa faɗa wa ɗansa. Ban ga laifin kowa ba, tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Amma abin ya tsorata ni, shi ya sa nake roƙonka ka kira Baffa. Kada ka ta da maganar rubutun, ka gaishe shi kawai. Ranar Alhamis bai koma Kalgo ba, a gidan nan ya kwana, kuma da safe shi ya buɗe ɗakin da hannunsa.

Inna tana sa maka albarka. Hamidu da Jummai suna gaisuwa, haka Malam Isa na Malisa. A shafa min kan Mufida.

Wassalam, ƙanwarka,
Zulaiha.