Hannu Mai Yatsu Huɗu

Zuwa ga 'yata, Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Gwiwata ta yi sauƙi, kada ki ɗaga hankalinki.

Kin dai san ni. A aji uku na bar sakandare, da baro ɗaya na fara, ba wanda ya taɓa miƙo min ko bulo. Yau katafila biyu gare ni, tifa huɗu, ma'aikata talatin. Shi ya sa da kika ce ofishinku na adana tsofaffin gine-gine zai hana ni rushe unguwar bayan kasuwa, dariya kawai na yi.

Jiya na shiga shafa jan fenti a gidajen da za mu fara da su ranar Litinin. Ina ɗaga buroshi saman ƙofar farko, sai ga shatin tafin hannu a jikin yaɓe, babu ƙaramin yatsa. Gida na biyu ma haka. Na ajiye fentin na bi lungu-lungu ina ƙirgawa, direbana na biye da ni yana tambaya ko maigida ya koma aikin ƙidaya ne. Gida arba'in da ɗaya. Na saki igiyar awo a jikin bangayen, ko ɗaya bai karkace ba. Ni mai injin kwaɓa siminti ba zan rantse a kan nawa ba.

Wane ne wannan maginin? Ki duba min takardunku.

Mahaifinki,
Mai Katafila

Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya jikin ƙaraminku?

Na ga amsarki, wai babu shi a takarda. Na tambayi wanzamin unguwar, ya tura ni wajen wata tsohuwa da ta girmi kowa. Ta ce kakarta ma haka ta tarar da hannun, Mai Huɗu kawai ake ce masa. Na taka kujerarta na sa tafina a cikin shatin, nasa ya fi nawa faɗi. Mutum ya gina gida arba'in da ɗaya, har yau ana haihuwa a cikinsu, amma ba mai sanin sunansa. Abin ya tsaya min a rai.

Na mayar wa masu son gina kantuna a wurin kwangilar rusau da suka ba ni. Sun ce za su nemo wani, to ku hanzarta sa unguwar cikin gine-ginen da kuke adanawa. Ga taswirar gidajen da awonsu, da hannuna na zana. Katafila ɗaya kuma na gindaya ta a bakin lungun, na cire batirin.

Sharaɗina ɗaya. A allon da za ku kafa, ki rubuta sunana cikakke, har da na ubana, cewa ni na gano. Ki bar wa maginin layi a saman nawa, ko Allah zai sa wani ya tuna. Amma layi ɗaya tak.

Mahaifinki mai ƙaunarki,
Mai Katafila