Abin da Na Ɓoye wa Ajina

Litinin, 6 ga Fabrairu, 2006
Ta dawo. Likita a Kano ya ce sankarar ce dai, wannan karon a hammata, gefen da aka cire min mama shekara uku da suka wuce. Bakina ya ce Alhamdulillahi. Muka kamo hanyar gida ni da maigida, Malam Sammani, har muka wuce Kura. A kan gadar kanal ɗin ban-ruwa ya ce, "Malama, Wanda Ya fitar da mu wancan karon Yana nan."

Asabar, 11 ga Fabrairu
Na karantar da matan aure a Islamiyya kamar kullum. Daga Malam sai 'yata Rahma suka sani.

Matan garin nan "wadda Allah Ya warkar" suke ce min. Har jarirai ake kawo min in tofa musu addu'a. Sun san na yi jinya a Kano, ba su san an sa min wuƙa ba. Hijabi ya rufe, ni kuma na yi shiru. Ban yi ƙarya ba. Haka dai nake gaya wa kaina.

Lahadi, 19 ga Fabrairu
Humaira matar Dalhatu ta tsaya bayan an tashi. Ta kama hannuna ta ɗora a ƙirjinta. Kullutu ne, kamar ƙwallon goruba ƙarami, da tauri. Na san wannan taurin.

"Ba zan je asibiti ba, Malama, yanke mutum suke yi. Ke ma ai addu'a ce ta tashe ki. Ki tofa min a ruwa kawai."

Na tofa. Ta tafi tana murna. Shekarunta ashirin da shida, 'ya'ya uku.

Na ce wa kaina: Kubra, kin ji kunya.

Talata, 21 ga Fabrairu
An sa min ruwan maganin sankara na farko. Amai. Ko warin tumatir ba na so, ga gari duk kwanduna.

Juma'a, 24 ga Fabrairu
Kwana biyar ina roƙon Allah Ya ba Humaira lafiya, ina jin addu'ar ba ta wuce rufin ɗaki. Yaya za ta wuce, alhali abin da zai amfane ta yana bakina na danne?

Da la'asar na lallaɓa gidan su Humaira. Na ce ta sakaya ƙofa. Na cire hijabi, na ɗaga riga. Ta daɗe tana kallon tabon, sannan ta fashe da kuka. Na ce mata addu'a na yi, wuƙa ma na sha, kuma duka biyun daga Allah suke. Na ce ciwon ya dawo. Karo na farko ke nan da na faɗa da bakina.

"To ke ba kya tsoro?"

Na ce ina ji mana. Da tsoron nake yin sallah, ba na jira sai ya tafi.

Lahadi, 26 ga Fabrairu
Humaira ta yarda ta je asibiti, amma Dalhatu ya ce sai an gama ɗiban tumatir, motoci ba sa jira. Malam ya same shi a gona. Ban san me suka ce ba, na dai ji Malam ne zai kular masa da ban-ruwa da masu ɗiba ranar Laraba.

Laraba, 1 ga Maris
Mota ɗaya muka shiga da su. Humaira ta riƙe gefen hijabina tun daga Bunkure har bakin ɗakin likita.

Asabar, 18 ga Maris
Gashina ya zube. Makon jiya na faɗa wa aji komai. Sai Iya Umma, babbarsu, ta ce, "To Malama, addu'ar ba ta ci ba ke nan?"

Raina ya ɗan sosu. Na ce a shekara ukun nan na aurar da Rahma, na goya jikana, su goma sha ɗaya a ajin sun sauke Alƙur'ani a hannuna, har da ita mai tambayar. In wannan ba amsa ba ce, ban san amsa ba. Iya ta yi dariya tana share ido da bakin mayafi.

Biyu sun daina zuwa. Uku sun zo gida a ɓoye in duba su.

Asabar, 15 ga Afrilu
An yi wa Humaira aiki. Sun ce an tari abin da wuri. Na yi sujada a tsakar gida, kaji na kallona.

Nawa kullutun ya ragu, ba sosai ba. Likita ba ya alkawari, ni ma na daina matsa masa.

Litinin, 22 ga Mayu
An yi ruwan farko, ana gyaran fadamar shinkafa. Na ci tuwo malmala guda, ya zauna.

Mun gama ƙaramin littafin fiƙihu. Suka ce me za mu ɗauka, na ce babban. Na aiki Malam ya sayo guda ashirin a birni. Sai da na dawo gida na tuna shekara biyu cur yake ci kafin a kai ƙarshensa.

Ban ce a fasa ba. Gobe babin tsarki.