Tambaya ta Tara

Litinin, 3 ga Maris
Yau Likita ya ba Mai Tabarau aikin tantance takardar tambayoyina. Ita ce takardar da muke cikewa da iyaye don gano ƙananan yara masu matsalar ɗabi'a tun kafin su shiga firamare. Daga ƙasar waje aka kawo ta, ni na zauna wata biyu na mayar da ita Hausa, tambaya ashirin da biyar cif. Yanzu yarinyar da ta zo asibitin nan jiya-jiya ce za ta duba ko aikina ya yi. Wai in takardar ta tsallake, sunana ne a saman rahoto. In an samu gyara, nata. Na yi mata murmushi, iyakarsa haƙora.

Alhamis, 6 ga Maris
Iyaye sun fi son ta, ƙiri-ƙiri. Tana durƙusawa ta gaisa da yara, har da alewa a aljihu. Ni shekara goma sha ɗaya ina ɗora su a sikeli, ko sannu. Kishi nake yi, na sani. To sai me?

A gida kuma Auta ta kifar min da ruwa a kan takardu. Sau uku ina kiranta, ko waiwaye. Shekara huɗu, amma yarinyar nan ba ta ji sam.

Talata, 11 ga Maris
An ba Mai Tabarau teburin da ke bakin taga.

Laraba, 19 ga Maris
Iyaye arba'in da ta yi wa tambayoyin tun farko, ta sake yi musu bayan sati biyu, don a ga ko amsarsu za ta tsaya yadda take. Ashirin da huɗu sun tsaya. Ta tara ce ke rawa. Ta zo da muryar nan tata mai sanyi: "Anti, duba nan." Abin da na rubuta shi ne, "Yaronki ba ya ji?" Asalin tambayar kan ƙin bin umarni take. Wai wata uwa da farko ta ce eh, tana nufin taurin kai. Karo na biyu ta ce a'a, ai kunnensa garau.

Na ce kowa ya san abin da ake nufi da ba ya ji. Ta ce, "Haka ne Anti, amma takardar ba ta sani ba." Ji min iyayi. Ni za ta koya wa Hausa?

Juma'a, 21 ga Maris
Ta kira yara uku da takardata ta sa cikin masu taurin kai, ta kaɗa musu ƙaramar ƙararrawa ta bayansu. Ɗaya bai juya ba. Likita ya leƙa kunnen, ashe ruwa ne ya taru. A gaban kowa ya ce mata, "Lallai kina da ido." Ban iya cin abincin rana ba. Na dawo da shi gida a kwanonsa.

Lahadi, 23 ga Maris
Auta ta matsa har jikin talabijin, babanta na faɗa ta ja baya. Ban san me ya tsayar da ni ba. Na lallaɓa bayanta da cokali da kofi, na ƙwanƙwasa ta dama, ta juyo tana dariya. Na bari ta manta, na ƙwanƙwasa ta hagu. Shiru. Na sake. Shiru.

Kunnen hagun nan shi nake murɗewa duk ranar da na ce ba ta ji.

Litinin, 24 ga Maris
Na kai Auta wurin aiki. Na tsaya da ita a bakin teburin Mai Tabarau. Ta dube ni, ta dubi Auta, ta ɗauko ƙararrawarta. Ba ta kira kowa ya zo kallo ba. Likita ya ce ruwa ne, an zo da wuri, za a iya magance shi.

Tambaya ta tara na raba ta biyu da hannuna, ɗaya ta kunne, ɗaya ta umarni. Sunanta ne zai hau saman rahoton. Har yanzu dai tabaran nan bai yi mata kyau ba.

Na ga alewarta ta kusa ƙarewa. Na sayo leda guda na sa a aljihun teburinta, ban ce ni ce ba.