Motar Maigidana Ba Ta Tashi Sai In Ba Na Gida

Zuwa ga Anti Saude,

Assalamu alaikum. Don girman Allah Anti ki taimake ni, ki daure ki karanta wasiƙar nan har ƙarshe ko da ta yi tsawo. Ba ni da wanda zan faɗa wa. In na faɗa wa mahaifiyata hankalinta zai tashi, in na faɗa wa ƙawaye gobe a ji ta a gidan biki.

Komai ya juye mini ne wata safiya cikin watan jiya, kwana biyu da dawowata daga sunan yayata a Bungudu. Ina shara a tsakar gida, na ji maigidana ya hau motarsa ya murɗa makulli. Ta yi ƙas-ƙas ta yi shiru. Ya sake, ko ƙas ɗin ma babu. Gwaggo Tambaya, ƙanwar mahaifinsa da ke zaune tare da mu, ta shigo daga zaure riƙe da buta, ta tsaya a kaina. Ƙafata kawai ta zuba wa ido, ta daɗe tana kallo, sannan ta ja tsaki ta shige ɗaki. Kafin la'asar magana ta zaga dangi, wai amaryar gidan farar ƙafa gare ta, tun da ta tako arzikin yaron ya tsaya.

Bari in koma baya don ki gane. Ni haifaffiyar Bungudu ce, bara aka kawo ni Tsafe, sabuwar unguwa a bakin gari inda turakun lantarki ba su iso ba tukuna. Maigidana direba ne. Ya daɗe yana tuƙa motocin mutane, sai a shekarar da aka ba mu jiha ya sayar da shanun gadonsa ya sayi tsohuwar motar soja a gwanjo. Koriya ce, doguwa, tayarta ta kai mini ƙirji. Tsofaffi na cewa da irinta aka yi yaƙin basasa. Mutanen tasha sun sa mata suna Saja. Da damina tana shiga inda ko jaki sai ya yi tunani, ta ɗauko masara da dawa da auduga daga ƙauyukan bayan Kucheri da Kwatarkwashi ta kai Gusau. Ita ce gonarmu, ita ce shagonmu.

Anti, ni mai son karatun littattafan soyayya ce, ba zan ɓoye ba. Tun ina makaranta nake haya a shago. A littafi ango kan zo da mota mai ƙamshi, ya zagayo ya buɗe wa amarya ƙofa. Ni ranar da ya fara fita da ni sai da aka kawo turmi na taka sannan na iya hawa Saja. Dariya na yi ta yi har Kwatarkwashi, kuma wallahi ban ji na rasa komai ba.

Ga abin da ya sa na ce ban rasa komai ba. Farkon zuwana ya ga ina karatu da fitilar ƙwai, hayaƙi na sa idona ruwa. Sai ga shi ya dawo daga Gusau da doguwar waya mai bakuna biyu kamar na kada, da ƙwan fitilar mota. Ya zuro ta ta tagar ɗakina, don a gindin tagar yake ajiye motar. Da ya dawo aiki sai ya maƙala bakunan a batir, ɗakina ya haskaka tar, ni kaɗai a duk layinmu. Daga baya ya jona mini har rediyo mai kaset ɗin da aka sako mini a lefe. Duk littattafan da na karanta ban ga saurayin da ya yi wa budurwarsa irin wannan ba. Matan maƙwabta suka riƙa zuwa bayan magariba da gyaɗarsu ta ɓara, ina karanta musu a fili, muna faɗa da mugayen cikin labarin kamar suna jinmu. In wahalar mai ta tsananta motar ta kwana biyu a ajiye, kaset nake sha har da rana ina aikin gida.

To sannu a hankali Saja ta fara ƙin tashi da safe. Kin san ba irin motar da mutum biyu za su tura ba ce. Sai an bi gida-gida an tara majiya ƙarfi, wasu da goron safe a baki suna zolayarsa wai sojansa ya yi ritaya. Batir biyu gare ta, manya, cikin wani akwatin ƙarfe a gefe. Abin mamaki kullum guda ɗaya ne ke mutuwa, wanda ke ɓangaren tagata. Ɗayan kuwa ruwansa ke ƙafewa, ya yi zafi, yana wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Na taɓa tambayarsa ko fitilata ce. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce batir ɗin da sai ƙarti biyu ke ɗaga shi, mai juya injin kamar wancan, ɗan ƙwan da bai kai goro ba me zai rage masa, kuma ai in yana tafiya motar na mayar da abin da aka sha.

Ya kai ta wurin masu rewaya, wato masu gyaran wayar mota, a Sabon Garin Gusau ba sau ɗaya ba. Suka gwada altaneta, na'urar da ke cika batir in mota na tafiya, suka ce tana caji. Suka ɗaure fanbel, bel ɗin da ke juya ta, suka kankare farin garin da ke taruwa a kan batir. Wani ya ce batir ɗin ne ya tsufa, aka sa sabo a gurbin mataccen, bai daɗe ba shi ma ya bi sahu. Har kwana ta yi a garejin don su kama ta, da safe bugu ɗaya ta tashi. Haka da na tafi suna. Duk kwanakin da na yi a Bungudu ko sau ɗaya ba a tura ta ba. Da na dawo da murna ya tarbe ni, yana cewa Saja ta warke. Sauran kin riga kin ji.

Yanzu Gwaggo na ƙirga wa mutane da yatsu: a Gusau tana tashi, in ba na nan tana tashi, kuma batir ɗin da ke kallon ɗakina shi ke mutuwa. Anti, ni kaina in na jera su haka sai in fara zargin kaina. Na zauna na duba tafin ƙafata, ban ga ya fi na kowa fari ba, amma duk da haka na dama lalle na ƙunsa har ya yi baƙi. Inna, mahaifiyarsa, ba ta taɓa faɗa mini baƙar magana ba, sai dai ta aiko da rubutu a yayyafa wa motar, kuma ta ce in daina kai masa kwanon abinci bakin mota, a bar Gwaggo ta kai. Matan da ke zuwa sauraron karatu sun ragu. Ɗaya ta gaya mini a ɓoye mijinta ɗan kasuwa ne, ya hana ta zama kusa da ni.

Shi maigidan cewa yake zancen banza ne, kada in saurara. Amma ya rame, ya rage hira. Wani Alhaji da ya saba ba shi lodin hatsi ya koma wurin wani direban saboda yawan makara. Rannan ina zuba masa ruwan alwala na ga kamar ya saci kallon ƙafata, ko kuwa idona ne, Allah masani. Ina son mutumin nan, kuma ina ji a raina Allah bai haɗa mu don in zame masa asara ba. Wani lokaci nakan zauna ina ganinmu nan gaba, ya ƙara mota, yara na rigimar wa zai zauna gaba.

Ga kaka ta matso, lokacin da direba ke samun abin shekara. In Saja ta ci gaba da haka lodin duk zai wuce shi. Don haka na gaya masa mahaifiyata na bukatar taimako, ya amince da ƙyar. Ba yaji zan yi ba, ba kuma saki nake nema ba. Zan koma Bungudu in zauna har a gama kwasar amfani. Na riga na ɗaure kayana.

Taki,
Mai Karatu, Tsafe


Ɗiyata Mai Karatu,

Wa alaikumus salam. Kafin komai, kwance kayan nan ki mayar da su ma'ajinsu. In kika tafi, motar za ta tashi kullum, ina da yaƙinin haka, kuma daga ranar babu mai iya goge miki wannan suna har ki tsufa. Tafiyarki ita ce shaidar da Gwaggo ke jira.

Ni ba makanikiya ba ce, don haka na rufe sunan garinku na karanta wa maƙwabcinmu Malam Tukur wasiƙarki. Ya yi aikin wayar mota a barikin soja kafin ya bar aiki. Ga bayaninsa. Yawancin irin waɗannan motoci ma'aunin ƙarfin wutarsu ashirin da huɗu ne, shi ya sa ake haɗa musu batir biyu masu sha biyu-sha biyu, suna ja tare kamar shanun huɗa. Fitilarki da rediyonki sha biyu suke ci, saboda haka a batir ɗaya maigidanki ke maƙala waya, wanda ya fi kusa da taga. Shi kaɗai ake tatsa. Da safe kuma altaneta ba ta san ɗaya ya fi yunwa ba, abu ɗaya take tura musu. Mai yunwar ba ya ƙoshi, ƙosasshen kuma ana yi masa ɗura har ruwansa ya tafasa. Wannan shi ne zafi da warin da kika ji. Masu rewaya ba su gano ba domin wayar a gida take kwana, ba su taɓa ganinta ba. Da kika je suna kuwa babu mai kunna komai a ɗakinki.

Kada ki ga wautar maigidanki. A ƙananan motocin da ya saba da su batir ɗaya ne, a ɗan sha a mayar ba a lura. Abin da ya sani ya faɗa miki.

Ga abin yi. A cire wayar nan gaba ɗaya. A kai batiran biyu wurin mai caji a cika kowanne daban, a duba ruwansu. In sun riga sun lalace, a canza su tare, girma ɗaya, sababbi duka, don sabo da tsoho ba sa zaman lafiya a irin wannan haɗi. Sannan ki zauna daram a ɗakinki, ki yi shararki, ki kai masa abinci in an bar ki, kowa ya ga kina nan motar na tashi.

Ban ga motar da idona ba, kuma ƙarfen da ya kai wannan shekaru ba ya rasa ciwo biyu. In an yi haka ba ta daina ba, Malam Tukur ya ce a sa mai rewaya ya kashe komai, ya cire kan batir ɗaya ya sa ƙwan gwaji a tsakani. In ya kama, akwai inda wuta ke zurarewa, sau da yawa tsofaffin wayoyin da sojoji suka bari bayan sun kwashe na'urorinsu. A kuma nemi makunnin da ke yanke wutar motar baki ɗaya, yawancinsu suna da shi, a riƙa kashe shi in an ajiye ta. A wannan karon maigidan ya gaya wa mai gyara zancen wayar ɗaki tun farko.

Yanzu maganar mutane. Ki same shi ku biyu, bayan ya ci ya huta. Ki fara da godiya a kan fitilar, domin kyauta ce ta ƙauna, kada ya ji kamar kina cewa shi ya kashe motarsa. Ki kuma faɗa masa ainihin dalilin da ya sa kika nemi tafiya. Kin ɓoye masa don ki sauƙaƙa masa, na gane, amma irin wannan sadaukarwa a littafi take da daɗi. A gida ba ta haifar da komai sai mutum biyu kowa na kuka a garinsa.

Zancen farar ƙafa camfi ne, duk malamin da kika tambaya zai gaya miki arziki da rashinsa na Allah ne. Amma kada ki riƙi Inna da Gwaggo a zuci. Gadon ɗansu kacokan yana cikin motar nan, sun ga abu na lalacewa ba su san dalili ba, suka kama wanda ke kusa. In gaskiya ta fito, ki bar shi ya yi musu bayani da bakinsa. Ke kuma ban da gori, ban da habaici, ki gaishe su kamar kullum.

Karatu kuwa kada ki daina. A samo miki ƙaramin batir na ɗaki shi kaɗai, a riƙa kai shi caji in ya yi sanyi. Kafin nan ki yi da rana, ko ki haƙura da fitilar ƙwai na ɗan lokaci.

Ki yi kakarki a ɗakin mijinki. Allah ya ba shi lodi mai albarka, ya tsare hanya, ya sanyaya zukatan surukanki, ya bar ku tare.

Anti Saude