Ƙugun Mai Gyaran Keke

Litinin, 3 ga Maris

'Yata Auta ta kai ni wurin likitar ƙashi saboda faɗuwar da na yi a bakin shago. Santsi ne kawai, amma an mai da shi magana. Likitar ta ce in tashi daga kujera ba tare da na dafa komai ba. Na kasa. Ta ce ƙugu ya sandare. Shekara hamsin da biyu ina tsugune gaban kekunan mutane, me take so ya yi, rawa?

Ashe rawar take nufi. Ta sa sunana a wani aji inda ake juya ƙawanyar roba a ƙugu. Ƙarshen wata za ta sake duba ni. A hanya Auta ta ce, "Baba, in ba sauyi, gidana za ka koma. Na gama magana." A bene take, hawa na uku. Ni da duk mai son sanin wa ya dasa wace bishiya a layin nan, wa ya haifi wa, bencina yake zuwa. Can wa zai tambaye ni?

Alhamis, 6 ga Maris

Na je. Ban taɓa zama a aji ba, rubutun nan ma a jikin kwalayen kayan keke na koye shi, sai yanzu da furfura. Mu tara ne, maza biyu: ni da wani tsohon direba mai tumbi. Mai koyarwar ba ta kai Auta shekaru ba, da usur a wuya. Ta miƙo mini wata ƙatuwar ƙawanya mai ratsin ja. Na kaɗa ta, ta zube a ƙafata. Sau goma sha ɗaya. Direba ya ce, "Bakanike, injinka ba mai." Shi nasa tumbin ne ke riƙe masa, ba gwaninta ba.

Mai usur ta ce in sa ƙafa ɗaya gaba, in riƙa tura ƙugu gaba da baya. Na ce na ji.

Asabar, 8 ga Maris

Laifin robar ne, ba ta da nauyi. Na ciro rim, ƙarfen tayar tsohon keken da marigayi mai wanki ya bar mini, na cire wayoyin, na goge tsatsa, na naɗe shi da tsohon tub na cikin taya. Ƙarfe na gaske. Tela maƙwabcina ya leƙo ta katanga ya ce, "Tsoho, kai za a ɗaura wa taya?" Ban kula shi ba.

Talata, 11 ga Maris

Ƙashin ƙugu ya yi baƙi ta gefen hagu. Ban gaya wa kowa ba.

Alhamis, 13 ga Maris

Na tafi da rim ɗin aji. Dariya har da mai riƙe ciki. Wata tsohuwa mai sayar da zare ta ce, "Yaya, ina sauran keken?" Mai usur ba ta yi dariya ba. Ta tsayar da shi a ƙasa kusa da ni, da ƙyar ya wuce gwiwa. Ta tsayar da tata, ta kai cibiya. Ta ce, "Baba, kai ne masanin taya. Ƙarama da babba, wacce ta fi saurin zagayowa?"

Abin da na sha gaya wa masu sayen keke ke nan tun ba a haife ta ba. Ƙaramar taya sai ta zagaya sau biyu kafin babba ta yi ɗaya. Na ƙera wa kaina abin da ya fi ƙuguna sauri, ga nauyi, na zauna ina dukan kaina da shi kwana biyar.

Ban ce ta yi gaskiya ba. Na dai bar rim ɗin a bayan ƙofa.

Lahadi, 16 ga Maris

Na yanko bututun ruwa na roba, na gwada da cibiyata, na tausasa bakin a ruwan zafi na haɗe, ƙawanya ta samu. Zagaye huɗu kafin ta faɗi. Da la'asar zagaye bakwai.

Marigayiya matata ce ta faɗo mini. Ita ce mai rawa a gidan nan, ko shara take yi kafaɗarta ba ta zama. Ni sai in ce girma ya hana ni. Da tana nan da ta zauna a bakin ƙofa ta yi mini dariya har hawaye.

Alhamis, 20 ga Maris

Talatin da biyu! Direba ya ce ƙirgata ba ta da shaida. Mai zare ta ce ita ta ƙirga, talatin da huɗu ne ma.

An fara taku: ana juyawa ana tafiya, sai a juya jiki ɓangaren da ƙawanyar ke bi. Taku uku na yi, na yi karo da bango.

Laraba, 26 ga Maris

Auta ta zo da kwalaye biyu, wai don a fara rage kaya. Ta tarar da ni a tsakar gida da bututu a ƙugu. Ta tsaya da kwalayen a hannu. "Baba, kai ne?" Na ce a'a, maƙwabci ne. Ta zauna a kan turmi ta ce, "Ni fa ba korarka nake yi daga gidanka ba. Tsoro nake ji a kira ni a ce an tsince ka a ƙasa." Ban san haka abin yake a ranta ba, na ɗauka iko ne.

Ta tafi ta bar kwalayen.

Litinin, 31 ga Maris

Likita. Na tashi daga kujera hannuwana a ƙirji, sau biyar. Na shida na ɗan dafa. Tsayuwa da ƙafa ɗaya, ta dama ta yi, ta hagu sai a hankali. Ta ce zan iya zama ni kaɗai, da sharaɗin ba fashin aji, kuma a kafa ƙarfen dafawa a banɗaki. Na ce ni zan kafa abina. Auta ta ce, "Ka kafa, amma ina tsaye."

Alhamis, 3 ga Afrilu

Akwai wani salo da suke yi a aji, a sa hannu ta baya a cafko ƙawanyar tana cikin juyi, a ɗaga ta sama da kai ba ta tsaya ba. Ba ya cikin abin da likita ta ce. Ba ruwana da shi. Na dai tsaya bayan an tashi, na ce wa Malama ta nuna mini a hankali, inda yatsu ke shiga. Ta nuna sau uku. Ta ce in daina damƙewa kamar sifana, in bar ta ta bi tafin hannu.

Kunnen dama ya sha duka. Gobe da safe zan gwada da hannun hagu.